Motar Baba a Ƙarƙashin Tamfol

Kaji ne kaɗai suke cin moriyarta. Shekara da shekaru tana ajiye a kusurwar gidan, bayan rijiya, a kan bulo huɗu, lulluɓe da wani tamfol da rana ta cinye har ya koma kamar rariya. Ranar da aka yaye shi a gabana, wata kaza ta faso ta tagar direba tana kyarkyara, ta bar ƙwai uku a kan kujera. Sai da ƙura ta lafa na ga ɗan dokin ƙarfen da ke manne a hancin motar, a guje, jelarsa a miƙe. Ford Mustang ce, ƙirar 1966, a wani gida da ke cikin lungunan yashi na Godomey, ba nisa da gadar sama inda hanya ke rabuwa biyu, ɗaya ta nufi Ouidah da Lome, ɗayar ta miƙe arewa zuwa Parakou da Malanville.

Gidan na mahaifin wani abokina ne, Allah ya jiƙansa. Haifaffen Zongon Kwatano ne, ya yi dillancin mota tun ana cinikinta a bakin tashar jirgin ruwa, sannan da Zongo ta cushe ya sayi fili a Godomey kamar yadda da yawa daga cikin tsararsa suka yi. Iyalinsa sun ce ba sayen motar ya yi ba. Wani ne ya ci bashinsa, da biya ya gagara sai ya kawo makulli ya ajiye masa. Ya hau ta na 'yan shekaru, ranar Juma'a da ranar Idi, har ran da injin ya buga. Tun daga nan ake cewa za a gyara, har Allah ya yi masa rasuwa. An raba gida, an raba fili, an raba abin da ke banki. Saura mota.

"Yaya, wallahi irinta ce aka sayar sama da dala miliyan uku a Amurka," in ji autan gidan, yana miƙa wa babban wansu waya.

"To kira Amurkar ta zo ta ɗauka. Ni dai mai gwangwan ya ce gobe zai zo da sikeli."

Na tsakiyarsu, wanda ke da shagon kayan gyara, nasa ra'ayin daban ne: a kai ta gareji, a ɗora mata injin Toyota, a fesa mata jan fenti, sannan a kira masu kuɗi. Hajiya tana daga bakin ƙofar ɗakinta tana jan carbi, abin da kawai ta ce shi ne kada a yi faɗa a kan ƙarfe. Ni kuma an kira ni ne don an san ina da ƙulafucin tsofaffin motoci, kuma ba ni da kaso a gadon.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne, dukansu ukun sun tashi a cikin cinikin mota, amma babu wanda ya san ta inda zai kama wannan.

Garin da ya san kuɗin kowace mota

Ba ƙaramin abu ba ne a ce ɗan Kwatano ya rasa kuɗin mota. Sunan garin ma ya zama sunan kaya: a Kano ko Katsina in aka ce mota 'yar Kwatano ce, kowa ya san ana nufin ta hannu ce da aka shigo da ita daga Turai, ba a taɓa hawanta a Najeriya ba. Tun daga shekarun 1990 jiragen ruwa ke zubo motoci daga Antwerp da sauran tashoshin Turai, da yawansu an tattaro su ne daga garejin titin Heyvaert na birnin Brussels, shi ya sa wasu ke ce musu 'yan Beljiyam. A nan gida da Faransanci ake kiransu waɗanda suka zo daga Faransa, ko da kuwa daga Jamus suka fito. A shekarun da kasuwar ke ganiyarta, dubban ɗaruruwan motoci ake saukewa a shekara, kuma mafi yawansu ba a Benin za su zauna ba, Najeriya da Nijar suka nufa. Da tashar ta kasa ɗauka sai aka mayar da wuraren ajiyar zuwa Sekandji da Ekpe, kan hanyar Porto-Novo. 'Yan Labanan ne suka fi riƙe shigo da kayan, mutanenmu kuma suka kama dillanci, da canji, da tuƙa ayari zuwa arewa ta gadar Malanville da Gaya. Wani masani ɗan ƙasar Holan, Joost Beuving, da ya zauna cikin 'yan kasuwar ya yi nazarinsu, ya kwatanta lamarin da rububin haƙar zinariya, inda kowa ke ganin nasa rabon na cikin jirgi mai zuwa.

Kasuwar ta sha duka. Daga 1 ga Janairun 2017 gwamnatin Buhari ta haramta shigar da mota Najeriya ta iyakar ƙasa. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin ɗungurungum, ba a buɗe ba sai Disambar 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 kuma hanyar Gaya ta toshe. Duk da haka, tsayar da kowane dillali a Sekandji ka nuna masa Corolla ko Highlander, kafin ka rufe baki ya gaya maka shekararta, da kuɗin fito, da abin da za ta yi a Maraɗi.

Sai dai ilimin nasa duka a kan ƙa'ida ɗaya ya ginu: mota kullum raguwa take yi. Ta bana ta fi ta bara, mai tashi ta fi wadda ba ta tashi, in kuma ta kwanta gaba ɗaya sai a yanka ta a sayar da sassa, ragowar a auna a kilo. Ƙa'idar gaskiya ce a kan kusan duk abin da ke bin titi. Amma akwai 'yan tsirarun motoci da in suka kai ƙarshen gangara sai su juyo su fara hawa, kuma ma'aunin da ake auna su da shi ba shi ne na Sekandji ba.

Masu ƙwanji

Amurkawa na yi wa wasu daga cikin irin waɗannan laƙabi da motoci masu ƙwanji. Dabarar mai sauƙi ce: a ɗauki matsakaiciyar mota mai ƙofa biyu, a cusa mata ƙaton inji mai silinda takwas wanda aka yi don motar da ta fi ta girma, a sayar wa matasa da araha. Pontiac GTO ta 1964 ake ba wa lambar fari. A watan Afrilun wannan shekarar Ford ya fito da Mustang a kan dala 2,368, Chevrolet ya mayar da martani da Camaro, Dodge ya kawo Charger. A 1970 an kai ga Chevelle mai ƙarfin doki 450. Daga nan ruwa ya ƙare wa ɗan kada: dokar tsaftace iska ta 1970, da tsadar inshora, da takunkumin man fetur na ƙasashen Larabawa a 1973, suka haɗu suka kashe kasuwar. Zamanin nasu bai kai shekara goma cikakku ba. Yaran da suka yi sha'awarsu a lokacin ba su da kuɗi, su ne suka girma suka yi arziki suka dawo suna neman ƙuruciyarsu, kuɗin motocin ya tashi. (Masu tsanani a harkar ma cewa suke yi Mustang ba ta cika mai ƙwanji ba, 'yar dukushiya ce, amma wannan gardamar tasu ce.)

Yadda irinta ta faɗo gaɓar tekun nan ba abin mamaki ba ne sosai. Faransawa sun so Mustang tun farkonta, har ta zama tauraruwa a fim ɗin Claude Lelouch da ya ci babbar kyautar Cannes a 1966, kuma abin da Paris ke yayi a wancan zamani ba ya daɗewa bai iso Kwatano da Abidjan ba.

Labarin da autan ya gani a waya kuwa gaskiya ne. A watan Janairun 2020, a Kissimmee ta jihar Florida, kamfanin gwanjo na Mecum ya sayar da wata koriyar Mustang ƙirar 1968 a kan dala miliyan 3.74, da tsatsarta da koɗaɗɗen fentinta. Abin da bidiyon bai tsaya ya bayyana masa ba shi ne, ita ce ainihin motar da Steve McQueen ya tuƙa a fim ɗin Bullitt. Wani mutum mai suna Robert Kiernan ya saye ta a 1974, McQueen da kansa ya rubuto wasiƙa a 1977 yana neman a sayar masa aka ƙi, kuma iyalin sun adana wasiƙar. Tarihin aka saya, ƙarfen rakiya ya yi. Haka ma motocin Roger Baillon, wani mai kamfanin sufuri a yammacin Faransa, da aka tarar suna ruɓewa a ƙarƙashin rumfunan kwano: a gwanjon Paris na Fabrairun 2015 wata Ferrari daga cikinsu, wadda aka tono daga ƙarƙashin tarin mujallu, ta yi yuro miliyan 16.3. Irinta kaɗan aka ƙera a duniya, kuma jarumin fim Alain Delon ya taɓa riƙe ta.

Ita kuwa Mustang ƙirar 1966, guda 607,568 aka yi. Ganin Dala ba shiga birni ba ne.

Harafi na biyar

Mai sayen rago a Zongo kafin Layya ba ya tsayawa kallon ƙaho, baki yake buɗewa ya duba haƙori. Haƙorin Mustang lambarta ce. Na sa aka ɗaga bonet da kyar, muka goge saman ƙarfen da ke gefen direba da tsumma da kananzir har lambar da aka buga a masana'anta ta fito. Akwai wata a jikin ɗan faranti a gefen ƙofa, amma ƙofa ana iya canja ta, don haka sai an gwada biyun an ga sun dace. Sun dace. Alamar farko 6 ce, wato 1966. Ta biyu F, masana'antar Dearborn. Sai 07, mai rufaffen kai ta yau da kullum, ba mai buɗaɗɗen sama ba, ba kuma mai zubabben baya ba, waɗanda su ne masu tsada. Sai harafi na biyar, wanda shi ne ke faɗin injin da aka haife ta da shi. In K ne, to an dace, injin silinda takwas ne mai ƙarfin doki 271, kuma kaɗan ne. In A ne ko C, silinda takwas ne na talakawa, duk da haka da dama-dama.

T muka gani. Silinda shida, lita 3.3, ƙarfin doki 120. Motar malaman makaranta da sakatarori.

Autan bai yarda ba, ya ce ƙila an buga kuskure. Na ce ya durƙusa ya ƙirga notin ƙafa. Masu silinda takwas na wannan shekarar noti biyar suke da shi, masu shida kuwa huɗu. Ya ƙirga na gaba, ya zagaya ya ƙirga na baya, ya miƙe yana karkaɗe gwiwa bai ce komai ba.

Daga nan sai tsatsa, wadda a ganina ita ce ke yanke hukunci a kan duk tsohuwar motar da ta kwana a bakin teku. Godomey na tsakanin teku da tafkin Nokoue, iska da gishiri, damina biyu a shekara, kuma wanda ya ga ambaliyar 2010 ya san inda ruwa ke kaiwa a waɗannan unguwanni. Motar da ta yi shekara talatin a ajiye a Damagaram ko Agadas za ka tarar rana ta ƙone fenti, roba ta farfashe, kujeru sun zama gari, amma ƙarfen lafiya lau. A nan akasin haka ne. Tamfol ɗin da aka rufa don kariya shi ne ya riƙe laima ya dafa ta a hankali. Mustang ta wancan zamani ba ta da shasi daban, jikinta shi ne ƙashin bayanta, saboda haka in ƙasan ya ruɓe komai ya tafi. Tana kuma da wani sanannen ciwo: ramin shan iska da ke gaban gilashi yana tara ganye da ruwa, ya huje daga ciki, ruwan ya riƙa zuba kan ƙafar direba. Na karɓi butar alwala na tsiyaya ruwa a wurin. Kafin a ƙirga goma ya fara ɗiga a ciki. Da muka ɗaga shimfiɗar ƙasa, ana hango yashin tsakar gida ta wani rami da tafin hannu zai shige. Na bi gefen ƙofofi da ɗan maganaɗisu. Inda ya kama, ƙarfe ne. Inda ya sulale ya faɗi, mastik ne wani mai gyaran jiki ya cika tun zamanin mulkin Kerekou.

Abu biyu suka faranta mini rai. Manyan ƙarafan da ke ɗauke da inji da ƙafafu ba su ruɓe ba, na caka musu sukundireba ba ta shiga ba. Sannan injin, wanda kowa ya ɗauka ya ɓata, yana nan a ɗakin ajiya an jibga masa buhunan gawayi. Bakaniken marigayin ya sauke shi ne da niyyar gyara, kayan da aka yi odar ba su taɓa zuwa ba.

Garin gyaran gira

Da na tsakiyan muka fi daɗewa muna kai-komo, domin shawararsa ce ta fi kama da hankali kuma ita ce ta fi haɗari. A Sekandji gaskiyarsa ce: wanki da fenti da ƙamshi na ƙara wa mota kuɗi. Amma mai neman tsohuwar mota don ya farfaɗo da ita, sabon fenti tsoro yake ba shi. Bai san abin da aka binne a ƙarƙashi ba, kuma dole ya kankare shi duka kafin ya fara aiki, ka ga an ƙara masa wahala an kuma ce ya biya. Injin Toyota zai sa ta tashi, ba musu, kuma ba na raina bakaniken Kwatano, mutanen da ke iya tayar da abin da Bature ya yi wa sallar gawa. Sai dai kafin injin ya zauna sai an yanke nan an yi walda can, an canja giya, an huda inda ba a huda ba. Ranar da aka gama, ba Mustang ba ce kuma ba Toyota ba ce. Mai tara tsofaffi ba ya so, mai neman motar hawa kuma ga Corolla can mai sanyi.

In kuma aka ce a yi gyaran na gaskiya, lissafin ba ya fita. Kayan Mustang ba su da wuyar samu, har sabon gangar jiki ana ƙerawa a yau da izinin Ford. Amma kowane ƙarfe da kowace roba da dala za a saya, a biya jirgi, a biya kwastan, a jira wata da watanni. Ko a Amurka, inda kayan ke bakin ƙofa, sananne ne cewa wanda ya biya aka farfaɗo masa da mai silinda shida ba kasafai yake mayar da kuɗinsa ba. Masu yi don so suke yi. Magada tara da ke jiran rabonsu ba su da wannan sararin. Ga kuma mai. Tun da Tinubu ya cire tallafin mai a Najeriya a ranar 29 ga Mayun 2023, kpayo, wato man fasa-ƙwaurin da ake sayarwa a manyan kwalabe a bakin titi ya daina zama abin wasa, kuma tsofaffin injinan Amurka ba su san tsimi ba.

Abin da na ce su yi kaɗan ne. A kori kaji, a share, a wanke da ruwa da sabulu kawai. Kada a yi ƙoƙarin tayar da injin da ya shekara talatin a bushe, don juyi ɗaya na iya karya abin da da mai da haƙuri za su kwance. Kada a zubar da komai, ko murfin taya da ya lotse, ko rediyon da ba ya magana, ko ɗan dokin nan na gaba, wanda na roƙi a cire a ba Hajiya ta ɓoye kafin labari ya bazu a unguwa. A ɗauki hoto da rana tsaka, ta kowane gefe, har da ƙasa, har da ramin, musamman ma ramin. Wannan na ƙarshe ya yi wa na tsakiyan nauyi, wai wa ke tallar aibin kayansa. Amma ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk wanda ya zauna gaban malaman Zongo ya kai babin ciniki a Risala ya san ɓoye aibi haramun ne, kuma mai saye na da ikon mayar da kaya in ya gano. Abin da na ƙara masa kawai shi ne, a wannan kasuwar faɗin aibin ma riba ne. Mai saye daga nesa cinikin biri a sama yake yi, in ya ga an nuna masa mafi munin wurin sai hankalinsa ya kwanta a kan sauran.

Tamu Mustang ɗin

Ina cikin wannan hidima ne na riƙa tunanin cewa irin wannan mota ɗaya ce a cikin dubu a ƙasashenmu, amma matsalar tana kusan kowace unguwa, da wani suna. Tamu tsohuwar mai daraja ita ce Fijo da Marsandi. Peugeot 504 ta fito a 1968, ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975, a shekarar da masana'antar Kaduna ta fara aiki, kuma an ci gaba da haɗa ta a can har tsakiyar shekarun 2000, shekaru da dama bayan Faransa ta daina. Ita ta kai amare, ita ta kai gawa, ita ta yi jigila daga tashar Jonquet zuwa Parakou da mutum tara da buhunan doya a sama. Don mun saba da ita ba ma ganin ta a bakin komai. A Turai kuwa tsatsa da dokokin hayaƙi sun share yawancinsu, kuma yau mai ƙofa biyu da mai buɗaɗɗen sama, waɗanda gidan zane na Pininfarina ya tsara, kaya ne na masu tarawa. Haka Peugeot 404, haka Mercedes W123 da aka yi daga 1976, haka tsofaffin Land Cruiser. Motocin da jirgi ya kawo mana a matsayin shara, wasunsu yanzu jirgi na iya mayar da su a matsayin kayan tarihi. Doka ma ta buɗe musu ƙofa: Amurka na sassauta sharuɗɗan shigo da motar da ta haura shekara 25, Faransa kuma na ba wadda ta kai 30 takardar motar tarihi.

Ba ina cewa kowace Fijo da ta yi tasha dukiya ba ce. Wadda ta yi shekara ashirin tana Malanville, aka canja mata inji sau huɗu, hakkinta ne ta huta a wurin mai gwangwan. Amma ta alhajin nan da ba ta fita sai Juma'a, mai fentinta na asali da littafinta a aljihun gaba, kafin a kira mai sikeli a tambaya tukuna. Mun iya adana mota in ta zama ta shugaba, ga baƙar Marsandin da aka harbe Murtala a ciki ranar 13 ga Fabrairun 1976 tana gidan tarihi na Onikan a Legas da ramukan harsashinta. Na iyayenmu ne muke aunawa a kilo.

Takarda da sallama

Abin da ya kusa kashe cinikin ba tsatsa ba ce, takarda ce. Kwana biyu ana nema, sai Hajiya ta jawo wani akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. A cikin tsofaffin fasfo da rasiɗan aikin Hajji muka sami katin motar, ya yi ja don tsufa, a samansa an rubuta Jamhuriyar Dahomey. Wannan kaɗai shaida ce cewa motar ta shigo kafin 30 ga Nuwamban 1975, ranar da aka canja wa ƙasar suna. Sai dai sunan da ke jiki na wanda ya ci bashin ne, marigayin bai taɓa juyawa zuwa nasa ba. Allah ya taimaka, a ninke a ciki akwai wata takarda da hannu, rabi Faransanci rabi ajami, inda mai bashin ya sallama motar a gaban shaidu biyu. Ba don ita ba, da babu mai hankalin da zai taɓa motar, don ba ta fita tashar jirgi ba tare da an san mai ita ba, kuma ba ta samun sabuwar lamba. Sai da aka haɗa da takardar zaman iyali wadda kotu ta amince da ita, aka wakilta babban wan ya sa hannu da yawun kowa. Akwai marayu biyu ƙanana a cikin magadan, 'ya'yan wani ɗan'uwansu da ya rasu bayan uban, don haka liman ya ce ba a sallamawa sai an ji tayi fiye da ɗaya.

Tayin ya zo iri-iri. Autan ya sa hotuna a Facebook, washegari wani ya rubuto wai daga Kanada, bai nemi ragi ba, bai tambayi lamba ba, abin da kawai yake so a fara tura wa wakilinsa kuɗin jirgi. Yaron Kwatano ba a yi masa wannan, dariya ya yi ya toshe shi. Wani Bafaranshe da ya san abin da yake yi ya yi tambayoyi masu kyau, amma da ya lissafa cewa motar da ba ta tashi ba ta hawa jirgin da ake tuƙa motoci a shiga da su cikin sauƙi, sai dai kwantena, ga ladan mai fito, ga harafin T, sai ya ba da haƙuri. Dillalai uku suka zo, kowanne da cewa yana da wani Alhaji a Legas, kowanne kuma so yake a faɗa masa kuɗi ya je ya ɗora nasa. Babban wan ya san wannan wasan, a ciki aka haife shi. Ya ce la'ada a fili, mai saye ido da ido.

Wanda ya saya daga Lome ya zo, mai gareji ne, dattijo mai ɗan furfura da tocila a aljihu. Bai kalli fenti ba sam. Ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi ya daɗe, ya fito ya nemi a kai shi wurin injin, ya sa sifana a jikin babban notin gaba ya ɗan taɓa, ya ji ya motsa kamar gashin ido. Sannan ya taya. Aka ce albarka. Ya ƙara, aka ce albarka. Aka tashi aka yi la'asar aka dawo. Abin da aka sallama a kai ya ninka tayin mai gwangwan sau da yawa, amma bai kai kuɗin tsaftatacciyar Corolla a Sekandji ba. Autan ya ɓata rai, na tsakiyan ya ce da an bi tasa da an fi haka, babban wan ya ce Allah ya sa albarka.

Da za a ɗora ta a babbar mota sai da aka ara tayoyi huɗu daga gareji, samarin unguwa suka turo ta, 'yan acaba masu rigar rawaya suka tsaya a bakin lungu suna ɗaukar hoto. Dattijon ya duba hancin motar ya ga gurbin dokin babu komai, ya waiwayo. Hajiya ta shiga ɗaki ta fito da shi a ƙulle a bakin mayafi. Ta kwance, ta goge shi da gefen zane, ta ɗan riƙe shi.

"Hajiya, in kina so ki ajiye, ki ajiye," in ji shi da Hausarsa ta Zongon Lome. "Ana samun sabo."

"A'a, ɗan nan. Tare suka zo."

Ta miƙa masa. Da magariba na leƙa bayan rijiyar, bulo huɗun na nan inda suke, da wani dogon tabo na baƙin mai a kan yashi, kazar kuma tana ta zagaye wurin.